Na Ji Ka Ce

Ofishin Anti Sulhu ɗaki ɗaya ne a saman bene. Ƙarƙashinsa shagon magani, gefensa wani tela da kekensa ba ya hutawa. Kujeru uku ne a ciki. Biyu an jera su an ɗan karkata su, don kada miji da mata su fuskanci juna kamar masu shirin kokawa, kada kuma su juya wa juna baya. Ta ukun, wato tata, tana gabansu, kusa da taga. A tsakani akwai ɗan tebur da kwalin tishu da gorar ruwa. Agogon bango kuwa ta rataye shi a bayan kawunan baƙi, yadda ita kaɗai ke ganinsa, domin a ganinta bai kamata mai kuka ya ga lokaci yana tafiya ba.

Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba. Wata mata ce da aurenta ya sha da ƙyar ta fara kiranta haka, sunan ya bi ta, har mai shagon magani bai san na gaskiyar ba. Ta yi karatun aikin ba wa ma'aurata shawara, takardunta na rataye a bango, amma abin da take cin abinci da shi bai wuce dabara ɗaya ba. Ɗaya zai yi magana, ɗayan ya kame bakinsa. In mai magana ya gama, mai sauraro ba zai kare kansa ba, ba zai rama ba, sai dai ya maimaita abin da ya ji, ya fara da "Na ji ka ce" ko "Na ji kin ce". Sai mai maganar ya yarda haka ya faɗa sannan a juya. Kamar wasan yara, amma ta ga ƙarti masu gemu sun jiƙe da gumi a kansa.

Da safiyar ranar da muke magana a kai, wani direban babbar mota ne ya zo da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Matar ta ce ta gaji da jin labarin dawowar mijinta a bakin maƙwabta, sai motarsa ta yini a gari kafin ya tuna yana da gida. Anti Sulhu ta juya ga direba ta ce ya maimaita.

"Na ji kin ce ni ɗan iska ne," in ji shi.

"Ban kai ga faɗa ba tukuna," in ji matar, "amma tunda ka kawo da kanka, na karɓa."

Anti Sulhu ba ta yi dariya ba, ta daɗe da koyon haɗiye dariya. Ta sa shi ya sake, ya kuma sakewa, har sai da ya iya cewa ya ji matarsa ta ce tana kewarsa. Da kalmar ta fito daga bakinsa, shi kansa ya yi turus. Suka sauka tare, yana riƙe mata jaka. Irin wannan ne ke sa mutum ya ɗauka aikin na da daɗi. Ita ta san ba haka ba ne. Yawancin masu hawo benen nan ba sa zuwa sai abu ya riga ya ruɓe, wasu ma don dai su gaya wa dangi cewa babu inda ba su je ba. Direban nan da matarsa ma, ba za ta yi rantsuwa a kansu ba.

Nata auren kuwa, a ranar ne zai hau mota ya bar gari.

Mijinta mai gyaran firji ne, mutum mai ƙarancin magana da manyan hannuwa. Ɗa ɗaya suka samu, wanda tun yana ƙarami ake ce masa Dogo, saboda wandonsa ba ya shekara bai ɗage ba. Da sunansa suke kiran juna, Baban Dogo, Maman Dogo, har suka kusa manta suna da wasu sunaye. Ya girma, ya gama karatu, ya fara neman aiki, sai zazzaɓi na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Babu laifin kowa, an kai shi asibiti da wuri, an yi abin da ake yi. Tun daga ranar suka rasa abin kiran juna. Sai "kai" da "ke", ko gyaran murya daga bakin ƙofa.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse, wata rana da hantsi, ya tsaya a ƙofar kicin yana kallon tafin hannunsa, ya ce bai san abin da zai yi da su ba yanzu. Ita tana tsaye da soso a hannu. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta yar da soson ta faɗa jikinsa. Amma bakinta ya riga ta, ya bi hanyar da ya saba. A hankali, da muryar nan mai taushi da ake yaba mata, ta ce ta ji ya ce yana ganin kamar ba shi da sauran amfani. Ya ɗago ya dube ta, ya ce haka ne. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Kada a ce ba ta da zuciya. Tsoro ne ya yi mata yawa. Ta tabbata in ta buɗe baki da maganar kanta, abin da zai fito ba shi da ƙarshe, kuma gidan da mutum ɗaya ya riga ya zube ba zai iya ɗaukar na biyu ba. Sai ta riƙe kanta domin ta riƙe shi. Duk abin da ya faɗa, ta wanke shi tas, ta ninke, ta miƙa masa. In ya yi fushi ta ji fushinsa, in ya yi shiru ta ba shirun daraja. Ita kuma kukanta a ofis take yi, tsakanin fitar waɗannan ma'aurata da shigowar waɗancan, da tishun da ta sayo domin baƙi.

Abu ɗaya ya rage da suke tarayya a kansa, shi ma ba da baki ba. Mariƙin ƙofar firjinsu na gida ya taɓa ɓallewa, Dogo ya ɗaure shi da wata jar wayar wuta, ɗaurin ganganci, yana cewa uban gyara na gari ya zo ya ga aiki. Uban ya yi ta alkawarin zai canza. Bayan rasuwar bai sake taɓawa ba, ita ma ba ta sake tuna masa ba. Kullum da safe in za ta buɗe firjin sai yatsunta sun ɗan tsaya a kan ƙullin. Ta san shi ma yana yi, domin ta taɓa hango shi.

A hankali ya koma kwana a ɗakin bayan shago, wai aiki ya yi yawa. Sannan wata safiya, a tsaye, ko shayin bai zauna ya sha ba, ya gaya mata ya bar wa wani abokin sana'a shagon, zai koma can wajen wansa a gari mai nisa. Bai ce saki ba, bai ce zai dawo ba, bai kuma ce ta biyo shi ba. Ta ce ta ji, ta tambaye shi me yake fatan samu a can. Tambaya ce mai kyau ƙwarai, irin wadda take koya wa masu koyon aikin. Ya ajiye kofin ya fita.

Yayarta ce ta wanke ta da faɗa a waya. Yaya ba ta taɓa karanta shafi ɗaya a kan aure ba, kuma ita da mijinta duk layin ana jin rigimarsu, amma ga su nan har jikoki. Ta ce ta tashi ta je shagon ta zauna a kan jakarsa, ta ɓoye masa takalma, ta fasa faranti in ya kama, ta yi masa rashin hankali na yini ɗaya kacal. Anti Sulhu ta yi mata bayani cikin natsuwa cewa ihu toshe kunne yake yi, kuma mutum ba ya dawowa don an tsorata shi.

"To ki yi ta hankali, ƙanwata," in ji Yaya. "Allah ya ba ki lada."

Duk da haka maganar ta zauna mata. Tun da ta fito daga gida da sassafe take haddace abin da za ta faɗa masa in ta je tasha kafin motarsa ta tashi. Ba dogon jawabi ba. Kada ka tafi, ni ma ban warke ba. Ta faɗe shi a matakalar bene, ta faɗe shi tana goge tebur, har ya fara yi mata kama da maganar wani.

Ma'auratan da ya kamata su zo bayan direba sun bugo sun ce kada ta jira su, abin ya riga ya ƙare jiya. Tana tsaye tana zuba ruwa a gora sai ta ji takun da ta sani a matakala, mai nauyi, ƙafar hagu tana ɗan ja. Bai taɓa hawo benen nan ba, ko ranar da aka buɗe ofishin a ƙasa ya tsaya yana hira da mai magani. Ya shigo da jakar tafiya a kafaɗa, ya yi aski, ya sa rigarsa ta fita unguwa.

"Anti Sulhu," in ji shi, "an ce nan ake kawo aure in ya lalace."

Sunan ya soke ta, domin bai taɓa kiranta da shi ba sai da zolaya, yau kuwa babu zolaya a fuskarsa. Ya ajiye jakar, ya zauna a kujerar kusa da ƙofa. Babu wanda ke nuna wa maza ita, amma duk namijin da ya shigo ita yake zaɓa. Ita kuma ta rufe ƙofa, ta kewaya tebur, ta zauna a kujerarta ta bakin taga, ta haɗa hannuwa a cinya. Ba ta ma san ta yi ba. Ƙafafunta ne suka kai ta inda suka saba kai ta.

Ya dubi kujerar da ke gefensa, wadda babu kowa a kai, ya daɗe yana dubanta.

"Matar ba ta zo ba ke nan."

"Ga ni," in ji ta.

"A'a. Ke ce mai ofis."

Da ta tashi a lokacin, taku kaɗan ne. Amma sai ta ga kamar in ta tashi yanzu wasan kwaikwayo zai zama, ta bari ya fara magana tukuna, ta tashi in lokaci ya yi. Haka take da sanin lokacin da ya dace.

Ya yi magana fiye da yadda ya yi a duk shekarun nan. Ya ce ba fushi yake da ita ba, da fushi ne da sauƙi. Ya ce bai taɓa zama da mai haƙuri da iya magana irinta ba, kowa ma cewa yake ya yi dace. Sai dai shi tun da yaron ya tafi yake neman wanda suka yi rashin tare, ya duba ko'ina a gidan bai same ta ba. In ya yi magana, maganarsa ce ke dawo masa, an gyara mata zama. Ya ce a ɗakin bayan shago aƙalla ya san shi kaɗai ne, ba sai an zauna kusa da shi ana nuna masa ba.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu ya ajiye a kan tebur, kusa da kwalin tishu. Jar wayar ce, da ƙullinta, an yanke ta ta gefe ɗaya. Ya ce bayan ta fita ya biya ta gida, ya cire, ya sa sabon mariƙi. Bai kamata mai gyaran firji ya bar gari ya bar firjin gidansa a ɗaure da waya ba.

Wani abu ya taso mata tun daga cikin ciki, mai zafi, irin wanda ta manta tana da shi. Fushi ne tsagwaronsa. Ta ji tana so ta ɗauki gorar ruwan nan ta kwaɗa masa, ta shaƙe wuyan rigar, ta tambaye shi uban wa ya ba shi izini, abu ɗaya da ya rage mata wanda hannun ɗanta ya ƙulla. Ya gani a idonta. Ya ɗan matso bakin kujera, fuskarsa ta buɗe, kamar mai jiran ruwa ya ga hadari. Da gangan ya yi, kuma ta gane da gangan ya yi.

Nan aka samu matsala, domin da ta gane, sai mai ofis ta farka. Shekara da shekaru tana koya wa jikinta abin da zai yi in ɗaki ya ɗau zafi. Kafaɗunta suka sauka da kansu, numfashinta ya daidaita, fushin ya koma inda ake ajiye shi har baƙi su tafi.

"Na ji ka ce," ta fara, muryarta lafiya lau, "ka cire ne domin kana so ka ga…"

Ba ta ƙarasa ba, domin ita ma ta ji kanta. Ya koma ya jingina, ya yi 'yar dariya ta hanci, mara daɗi.

"Kin ji. Kullum kina ji. Ni ne dai ban taɓa jin ki ba." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ki gaya mini wani abu naki. Ko zagi ne. Wanda ba daga bakina kika ɗauko ba."

Maganar da ta haddace tana nan a kan harshenta. Amma ta goge ta da yawa tun safe, har ta yi santsi, ta san in ta fito da wannan muryar za ta fito, shi kuma zai ɗauka wata dabarar ce. Ta shiga neman wata kalmar da ba ta taɓa amfani da ita a ɗakin nan ba, ta rasa. Duk kalmomin da miji da mata ke buƙata ta riga ta ba mutane aro, sun dawo mata a goge. Shirun ya yi tsawo. Kuma kamar yadda take yi duk lokacin da shiru ya yi tsawo, idonta ya ɗaga sama da kansa, ya wuce ta kan kansa zuwa bango.

Ya bi idon nata, ya waiwaya, ya ga agogon.

"Au, lokacina ya cika ke nan."

Ta ce a'a, ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne. Ya ce babu komai, dama motar ba ta jira. Ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Sai wata rana, Maman Dogo."

Ta saurari takun har ya ɓace cikin hayaniyar titi. Sai a sannan ta tashi, ta ɗauki wayar, ta zauna a kujerar matar. Tun da ta buɗe ofishin ba ta taɓa zama a kanta ba. Ashe ƙafarta ɗaya gajeriya ce, da ka motsa sai ta yi gefe, kuma duk matan da suka zauna a nan babu wadda ta taɓa faɗa. Ta ɗaga kai ta dubi kujerarta. Hasken taga ne ke dukan ido daga can, duk wanda ya zauna a wurin ba za a ga fuskarsa ba, sai baƙar inuwa mai kai da kafaɗu. Da wannan mijinta ya zo ya yi magana.

A nan abin ya ɓalle. Ta zagi kujerar da ya tashi daga kai, ta tambaye ta wa ya sa shi, wa ya aike shi, ta ce mugu ne, ta ce ita ma ɗanta ne, ita ta haife shi, ba ta ƙara barci mai daɗi ba, ta kira sunan yaron da ƙarfi. Muryar ta fito a shaƙe, mummuna, babu ko kalma ɗaya a wurinta. Keken tela ya tsaya cak, ya ɗan saurara, sannan ya ci gaba.

Ta goge fuska, ta dubi agogo, wannan karon sai da ta waiwaya. In ta samu abin hawa yanzu, wataƙila motar ba ta cika ba. Ta figi jakarta ta fito. A tsakiyar matakala ta ci karo da ma'auratan la'asar, sababbin aure, mijin a gaba fuska a murtuke, matar a baya ta riga ta fara hawaye. Matar ta ɗago ta ce, Anti, da ƙyar na shawo kansa ya zo, in muka koma ba zai sake zuwa ba. Matakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya ja da baya. Anti Sulhu ta tsaya riƙe da ƙarfen bene. Ta san wannan fuskar ta mijin, ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Ta kuma san, can ƙasan ranta, cewa ko ta isa tashar, da ta ga idon mutane muryar nan mai taushi ce za ta dawo. Ta juya ta hau, ta buɗe musu ƙofa, ta yi musu bayanin yadda ake yi, ɗaya ya yi magana ɗaya ya saurara.

Rana ba ta gama faɗuwa ba ta isa gida. Takalmansa na aiki ba sa bakin ƙofa. Ta wuce kicin ba ta ko cire mayafi ba. Sabon mariƙin fari ne ƙal, ya ɗauru gam, aikin gwani, ko motsi ba ya yi. Ta fito da jar wayar daga jaka ta naɗa a kansa, ta yi ƙoƙarin haɗa bakin da aka yanke. Wayar ta yi gajarta, kuma babu abin da za ta riƙe, mariƙin ba ya buƙatarta. Ta sake ta, ta zame ta faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka ta sake gwadawa.